Alhaji da Jar Fitila

Alhaji: Kai Mai Riwaya, batir na uku ke nan tun bayan Sallah. Duk garin nan jabu ake sayarwa!

Mai Riwaya: Ranka ya daɗe, bari mita ta yi magana. Ɗan'auta, ɗora. A kashe volt 12 da ɗoriya, lafiya lau. Tayar da motar, Alhaji. Ka gani? Maimakon ya hau 14, sauka yake yi.

Alhaji: Ni batir mai 12 na biya. Ina zai samo 14, sata zai yi?

Mai Riwaya: Altaneta ke ba shi. Batir randa ce, altaneta mai garuwa. Aikin batir ya juya kik inji ya tashi. Daga nan fitilu, rediyo, ham, duk a wuyan altaneta suke, ragowar ta zuba wa batir. Kai kuwa sai sauya randa kake, mai garuwa ya daina zuwa.

Alhaji: To ita wa ke biyanta? Kada ka ce ni.

Mai Riwaya: Inji, ta fambel. Bel ya juya maganaɗisu cikin naɗin wayar jan ƙarfe, wuta ta fito tana kai da komo irin ta gida...

Alhaji: Irin ta gida? Ashe shi ya sa ake ɗaukewa!

Mai Riwaya: Tsaya mana. Dayod su miƙar da ita hanya guda, don batir ita kaɗai yake karɓa. Ragileta kuma ta tsare ta kada ta zarce 14 da rabi, batir ya tafasa.

Ɗan'auta: Oga, in zare kan batir mu gani ko za ta mutu?

Mai Riwaya: Zare in zare maka kunne! Ka ƙone ƙwaƙwalwar motar Alhaji, gonar kakanka za mu sayar? Miƙo sifana. Ga shi, burushi, ɗan gawayin da ke kai wa maganaɗisun altaneta wuta, ya cinye, bel ya saki. Alhaji, jar fitilar nan mai hoton batir, tun yaushe take ci?

Alhaji: Tun damina. Ai ita ke shaida min batir na nan, ba a sace ba.

(Aka sa sabon burushi, aka ɗaure bel. Mita ta nuna 14.)

Mai Riwaya: Alhamdulillahi, tana caji. Ga fitilar ma ta mutu.

Alhaji: Ta mutu? Da ranta na kawo ta! Da ita nake ƙirga canjin fetur da dare. Zan cire kuɗinta a ladanka.