Maganin sikila na CRISPR: inda wahalar take

Duk sanda labarin "an gano maganin sikila" ya fito sai a yi ta yaɗa shi, masu ciwon da iyayensu su ɗora rai a kai, amma da wuya ka ga an bayyana abin da ake yi wa majinyacin. Labarin gaskiya ne. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da wani maganin sikila mai suna Casgevy a Nuwamban 2023, ta Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba, kuma shi ne magani na farko da aka yi da CRISPR, wato fasahar gyara ƙwayoyin gado, da ya samu lasisi. Ni dai a ganina, gyaran ƙwayar gadon da ake ta zuzutawa shi ne sashe mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana wajen fitar da ƙwayoyin ɓargo daga jiki da mayar da su.

Asalin ciwon harafi ɗaya ne tak a rubutun DNA, wato bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. A kuromozom na 11, cikin ƙwayar gadon da ke ƙera himogilobin na manya (furotin da ke ɗaukar oksijin a jini), inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Wannan canjin ke sa himogilobin ya manne da juna idan oksijin ya yi ƙasa, jar ƙwayar jini ta sandare, ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: Casgevy bai taɓa wannan harafin ko kaɗan. Zagaye aka yi masa. Tun 1948 likita Janet Watson ta lura cewa jinin jarirai masu sikila bai cika lanƙwashewa ba, saboda himogilobin ɗin da ɗan tayi ke amfani da shi, HbF, bai da wannan lahanin. Bayan haihuwa ne jiki ke rage yin sa. A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin da ke Boston ya nuna cewa furotin BCL11A ne ke danne shi, a 2013 kuma suka gano wani ɗan yanki na DNA da ke sarrafa BCL11A a cikin zuriyar jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Nan dabarar take, domin BCL11A yana da wasu ayyuka a ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki, ba za a kashe shi gaba ɗaya ba. Sai aka aika Cas9, wato almakashin da CRISPR ke yanka DNA da shi, ya yanke wannan yankin. Ƙwayar takan ɗinke wurin da gaggawa, ta ɓatar da 'yan haruffa, BCL11A ya raunana, HbF ya dawo har ya haura kashi 40 cikin 100 na himogilobin. A gwajin da hukumar Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi wata 12 a jere ba tashin ciwo mai tsanani. Sakamako ne mai kyau ƙwarai, ban musa ba.

To ga hanyar da majinyaci zai bi kafin ya kai can. Ana dakatar da hydroxyurea, maganin da masu sikila ke sha, mako takwas kafin a fara, ana yi masa musayar jini har himogilobin S, wato mai lahanin, ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Sai a yi masa allurar plerixafor domin iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ganewa da alamar CD34, su fito daga ɓargo zuwa jijiya, na'ura ta tace su. Allurar G-CSF da ake ba sauran masu dashen ɓargo don wannan aikin haramun ce a nan, don tana tayar wa mai sikila ciwo mai iya kisa. Saboda haka ƙwayoyin da ake samu ba su da yawa, sau da yawa sai an maimaita tatsa. Ana bukatar aƙalla miliyan 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki bayan gyara, ban da na ajiya da ba a taɓa ba, ko da dashen zai ƙi kamawa. A masana'anta ake shigar da Cas9 cikin ƙwayoyin ta hanyar ɗan bugun lantarki da ke buɗe fatarsu, sannan a yi gwajin inganci. Wannan kan ɗauki har wata shida.

Sai busulfan. Kwana huɗu ana ba shi wannan maganin kansar domin ya kashe tsoffin ƙwayoyin ɓargo, sababbin su samu wurin zama. Idan ba a share ɓargon sosai ba, tsoffin za su rinjayi gyararrun, aiki ya tashi a banza. Idan kuma an share, mutum zai yi kusan mako huɗu kafin fararen ƙwayoyin jininsa su farfaɗo, yana killace a asibiti, baki da maƙogwaro sun yi gyambo, gashi ya zube, ƙaramin zazzaɓi na iya zama barazana ga rai. Busulfan yana iya taɓa hanta da huhu, kuma yawanci yana lalata ƙwan haihuwa, shi ya sa ake ba da shawarar a daskarar da maniyyi ko ƙwan mace tun da wuri. Mafi yawan illolin da aka gani a gwajin daga nan suka fito. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ba a haɗa da zaman asibiti ba, alhali jarirai wajen dubu 500 ake haifa da sikila duk shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Ko kyauta aka ba da maganin, ina gadajen dashen ɓargon da za su ɗauke su?

Wani abu da ya kamata a riƙa faɗa ƙarara: wanda ya warke ta wannan hanya har yanzu SS ne a maniyyinsa ko ƙwanta. Ɓargo kawai aka gyara, 'ya'yansa za su gaji S kamar da. Lahanin da ciwon ya riga ya yi wa ƙoda ko ƙashin ƙugu ma ba lallai ya koma daidai ba.

Akwai kuma batun yankan kuskure. Haruffa 20 ne ke jagorantar Cas9, kuma yana iya yanka inda ya yi kama da wurin da aka nufa. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa akwai bambancin harafi guda, wanda ya fi yawa a mutane 'yan asalin Afirka, da ke samar da irin wannan wurin ga haruffan da ke jagorantar Cas9 zuwa BCL11A. Hakan ba ya nufin an ga cutarwa, amma ya tona cewa rumbunan bayanan da ake tantance haɗari da su ba su wakilci masu ciwon yadda ya kamata ba. Shi ya sa bibiyar shekara 15 da aka ɗora wa kamfanin da ke yin maganin take da muhimmanci.

Binciken da na fi zuba wa ido shi ne na gyara a cikin jiki. A Mayun 2025 likitoci a Filadelfiya suka ba da rahoton wani jariri mai cutar hanta ta gado da aka ƙera wa magani nasa shi kaɗai cikin kusan wata shida. Sun yi amfani da salon da masanin kimiyya David Liu ya fito da shi a 2016, wanda ke canja harafi ɗaya ba tare da tsinka igiyoyin DNA biyu ba, aka lulluɓe shi a ƙananan ƙwallayen kitse aka zuba ta jijiya. Ba tatsa, ba busulfan. Sai dai hanta ce gaɓa mafi sauƙin kaiwa, domin ƙwallayen can suke tafiya da kansu: furotin ApoE na jini ke manne musu, hanta ta zuƙe su. Iyayen ƙwayoyin jini kuwa 'yan kaɗan ne, mafi yawan lokaci suna kwance a ɓargo ba sa rarrabuwa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka manna wa ƙwallayen sinadarin garkuwa mai neman alamar CD117 da ke jikin waɗannan ƙwayoyin, saƙon ya isa ɓargon ɓeraye. Da wannan alamar ake kuma ƙoƙarin share ɓargo ba tare da magani irin busulfan ba. Idan kun ga sabon labarin maganin sikila, ku fara duba ko a ɓera aka yi ko a mutum, mutum nawa ne, an bi su tsawon wata nawa, kuma da me aka share musu ɓargo.