Kun ce kwafin gaskiya ne, to ina gaskiyar?

Masu sayar da kwafin tsofaffin libarba ta intanet a nan Amurka, ku ji tsoron Allah. Kuɗin nan ba a bola muke tsinto su ba.

Ga wanda bai san harkar ba, bindigogi ne irin na zamanin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865. Ba sa cin harsashin zamani. Albarushi kake zubawa a ramukan gangar nan mai juyawa, ka ɗora dunƙulen dalma ka danne, ka maƙala 'yar hular wuta ta baya, kusan yadda 'yan bindigar sarki ke ɗura tasu ranar hawan Sallah. Na asali sun koma hannun gidajen tarihi da masu hannu da shuni. Mu sai kwafi, wanda galibi a yankin Brescia na Italiya ake ƙerawa tun wajen 1959. Dokar tarayya ta 1968 kuma ba ta lissafa su cikin bindigogin zamani ba, don haka a yawancin jihohi har bakin ƙofa ake kawo maka. To nan gizo ke saƙar: ba ka riƙe ba, ba ka juya ba, hoto ka gani ka biya.

Wani kanti na yi wa oda. A shafinsu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kwafin libarbar kamfanin Colt ce samfurin Navy ta 1851, an duba ta kafin a tura. Wa ya duba? Da wane idon? Sakatar da ke riƙe bututun da jikin bindigar an doka ta kamar da gayya, da yatsa ba ta ko motsi. Ka ja gudumar baya, gangar ta juya amma ta ƙi tsayawa daidai saitin bututu, sai ka ji tana lilo. Wannan ba maganar kwalliya ba ce. Idan rami bai daidaita da bututu ba, ɓarɓashin dalma ta gefe yake fita, kan wanda ke tsaye kusa da kai. Cikin jikinta kuwa guntayen ƙarfe ne cakuɗe da man da ya daskare. Ko gogewa ba a yi ba.

Ga hatimin gidan gwajin bindigogi na Gardone Val Trompia da ke Italiya a jikinta, da haruffan PN na baƙin albarushi. Madalla. Amma hatimin nan shaida ce kawai cewa ta jure matsin wuta ba ta fashe ba. Bai ce an gama aikinta ba, kuma masu kantin sun fi ni sanin haka.

Da na kira su, wata murya mai sanyi ta ce min ƙa'idarsu ba a mayar da bindigar albarushi. Na ce ko sau ɗaya ban harba ba. Ta ce ƙa'ida ce. Na ce to ku canja min. Ta ce in tuntuɓi wanda ya shigo da ita ƙasar, in biya kuɗin aikawa da kaina, in jira. Wato karɓar kuɗi nasu ne, jinyar kaya tawa ce.

Kuma ƙaryar tasu ba a nan ta tsaya ba. Shafin cike yake da wata mai jikin tagulla, mai faɗin baki inci .44, wai ita ma Navy ta 1851. Kamfanin Samuel Colt bai ƙera Navy haka ba: tasa .36 ce, jikinta ƙarfe. Masu jikin tagulla na zamanin, irin na kamfanin Griswold da Gunnison a jihar Jojiya, 'yan ɓangaren Kudu a yaƙin basasar ne suka yi su don ƙarancin ƙarfe, su ma .36 ne. Ba kuma za su gaya wa sabon shiga cewa tagulla tana saki idan ana cika mata albarushi ba, har gangar ta fara girgiɗi. Sheƙi ya gani da araha, ya saya.

Abin da ya fi ƙona min rai ma tsofaffin hannu ne a filin harbi. Na nuna musu, suka yi dariya: "Ai haka suke zuwa, sai ka zauna da zarto ka gyara." Haba dattawa! Ku kuka ɓata su. In rabin aiki za a sayar min, a rubuta rabin aiki, a karɓi rabin kuɗi. Yanzu tana wurin mai gyaran bindiga, kuma abin da ya yanka min ya kusa rabin farashinta. Rasit ɗin zan tura wa kantin, in ji ko akwai ƙa'idar da ta hana su biya.