Ranar da Na Zama Kipchogen Birnin Kebbi

Kocinmu mutum ne mai son lissafi. Kullum da asuba, kafin mu fara zagaye, sai ya maimaita mana cewa a tseren daji ba wanda ya zo na ɗaya ke cin kofi ba. Ana haɗa matsayin mutum biyar na farko na kowace tawaga, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce zakara. "Ku tafi a dunƙule," in ji shi, "mai ƙarfi ya ja mara ƙarfi."

Ni kuwa kunnena na jin koci, zuciyata na wajen NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya. Na kalli bidiyon Eliud Kipchoge a Vienna a 2019, inda ya gama gudun yada-ƙanin-wani ƙasa da awa biyu, na ce ai shi ma ƙafa biyu gare shi. Kyaftin ɗinmu ya ce har Kipchogen sai da aka jera masa masu ja masa gudu 41 suna karɓa-karɓa. Na ce wannan matsalarsa ce.

Ranar tsere hunturu ya buɗe, leɓe duk ya tsage. Ana busa usur na ɓalle. Ina jin kyaftin a baya yana "Kai, dawo cikinmu!" Na ƙara mai. Kafin mu bar bayan gari babu kowa a gabana, kuma da na waiga, babu kowa a bayana ma. Daɗi ya kama ni. Har na fara tsara abin da zan faɗa in 'yan jarida sun miƙo makirfo.

Ashe yaron da aka ajiye da jan tuta a mararraba ya tafi shan koko. Su da ke tafe a dunƙule sun san kwanar, tunda kyaftin ya bi hanyar jiya da yamma, lokacin da nake ɗaki ina goge takalmi. Ni na miƙe sambal hanyar Kalgo.

Wani tsoho mai jaki ne ya tare ni, ya dubi gajeren wandona da lambar da ke ƙirjina, ya leƙa bayana.

"Yaro, mi yak koro ka?"

"Baba, tsere muke."

"Kai da wa?"

Ɗan kabu-kabu ne ya dawo da ni, na sauka daga nesa don in ƙarasa da ƙafa cikin mutunci. Mutumin ya biyo ni har layin gamawa yana hon, wai kuɗinsa. Wandon gudu ba shi da aljihu.

Tawagarmu ta zo ta biyu. Wanda ya cike gurbina shi ne wani ɗan ajinmu da muke tsokana saboda yana gudu kamar mai ɗauke da tulu. Koci bai ce mini uffan ba, kyaftin ne ya biya kabu-kabu, kuma har yau in muka haɗu a kanti sai ya miƙo hannu.