Haƙurin Maradi da tone-tonen Faransa: ina Kirista zai tsaya?

A Maradi, idan aka cuci mutum ya kai kuka wurin dattawan ikilisiya, kafin ya gama bayani an ce masa, "Yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce." A nan Faransa inda nake zaune, da ka ce wani abu yana cin ranka, sai a tura ka wurin likitan tunani. Zama ɗaya bai cika wuce awa guda ba, kuma tun 2024 inshorar lafiya ta gwamnati tana biyan kaso mafi yawa na kuɗin zama har 12 a shekara, kowane zama Yuro 50, wato kusan jaka 33 ta kuɗinmu. Can gida ana rufe magana tun ba ta fito ba. A nan kuwa akwai masu shekaru suna tona abu guda, har ya zama shi ne sunansu. Ni a ganina duka biyun zama ne cikin abin da ya wuce, kuma namu na gida ya fi haɗari, domin yana sanye da rigar ibada.

Ayar da aka fi jawowa ita ce Filibiyawa 3:13, inda Bulus ya ce yana mantawa da abin da ke baya, yana kutsawa zuwa abin da ke gaba. Amma a duba farkon surar. Abin da Bulus ya lissafa a can, yawancinsa abin alfahari ne: kaciyarsa a rana ta takwas, kabilarsa ta Biliyaminu, zamansa Bafarisiye. Laifinsa na tsananta wa ikilisiya kuwa bai taɓa ɓoye shi ba, ya sake faɗarsa a 1 Korintiyawa 15:9 da 1 Timoti 1:13. Mutumin nan yana tunawa sarai, sai dai abin ya daina riƙe masa ƙafa. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki ayar nan a toshe bakin gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona.

Haƙuri abu ne mai kyau, shi ya riƙe gidajenmu. Matsalar tana wurin yadda ake yin sulhu. A tara mutum biyu a zauren fasto, a yi addu'a, a karanta aya, a ce su gaisa. Sau da yawa ƙaramin ake sa ya durƙusa, ko da shi aka zalunta, domin ba a kunyata babba a gaban jama'a. Kowa ya tashi yana cewa an gama, alhali ba a faɗi laifin da sunansa ba, ba a mayar da ko dala ba. Bayan shekara biyar sai maganar ta ɓullo a zaɓen dattawa, ko ranar da ɗan wannan ya nemi auren 'yar wancan. Tushen ɗacin da Ibraniyawa 12:15 ta yi kashedi a kansa ke nan. A ƙaramar al'umma irin ta Kiristocin Maradi, inda kusan kowa surukin kowa ne, gaba ɗaya tak tana iya raba majami'a biyu. Rabuwar da ta auku a EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wajen ƙarshen shekarun 1980, wadda ta haifar da wasu ɗarikun ikilisiya biyu, UEEPN da Salama, har yau akwai gidajen da ake rage murya idan an zo kanta.

Hanyar da Yesu ya shimfiɗa a Matiyu 18:15-17 ta fi wannan wuya, amma tana kashe magana. Ka je wurin mutumin kai kaɗai, kuma da wuri. Kada ka tare shi a ƙofar majami'a ranar Lahadi, kada ka aika masa saƙon murya ta WhatsApp, domin saƙon murya yawo yake yi, kafin magariba ya isa Yamai. Ka je da magana ɗaya, da ranarta da adadinta: "Yaya, bara bayan girbi na ba ka buhun gero uku, ka ce za ka biya kafin damina, har yau shiru." Wanda ya zo da laifuffukan shekara goma a tare, faɗa ya zo yi, kuma ɗayan zai kwance nasa ƙunshin. In bai saurara ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. A nan ake yawan kuskure, sai mutum ya ɗauki ƙaninsa da abokinsa. Shaidu su zama waɗanda shi wancan ɗin yake ganin girmansu, in mata ne a nemi dattijuwa daga zumuntar mata. Sai wannan ya gagara ne ake kai wa ikilisiya. Ba a fara da sanarwa daga bagade. Su kuma dattawa, aikinsu na farko shi ne su bar kowa ya kai ƙarshen maganarsa ba a katse shi ba, ko da za a kai dare. Kalmar haƙuri ta zo daga baya, bayan mai laifi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

In kai ne mai laifin, hawaye a taron addu'a ba sa biyan bashi. Mutane da yawa da lamirinsu ke damunsu shekara da shekaru, sun roƙi gafarar Allah sau ba adadi, amma kayan mutane yana hannunsu. Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka sura 19, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Littafin Firistoci sura 6 ya ce a mayar da abin a cike, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya ci jaka 50 ke nan zai mayar da jaka 60. In ba hali a biya gaba ɗaya, a rubuta takarda gaban shaidu biyu, a raba biyan wata-wata, ko a ɗaure shi da lokacin girbi. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa suna nan. Bayan an yi wannan, sai mutum ya tsaya a kan 1 Yahaya 1:9 ya daina tuhumar kansa, domin ci gaba da dukan ƙirji a kan abin da Allah ya gafarta ba tawali'u ba ne. A lura kuma, gafara dabam, amana dabam. Ma'ajin da ya ci kuɗin baiko, a gafarta masa, ya dawo cin jibin Ubangiji bayan horo, amma mabuɗin akwati ya koma hannun wani, kuma a riƙa ƙirga baiko mutum biyu.

Akwai abin da Faransawa suka fi mu, kuma ya kamata a faɗa. Bayan harin 13 ga Nuwamba 2015 a Paris da ya ci rayuka 130, an kafa alluna ɗauke da sunayen mamatan, aka yi shari'a ta kusan wata goma daga Satumba 2021, inda waɗanda suka tsira suka yi makonni suna ba da shaida ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma a watan Janairu na wannan shekarar ta 2015, an kashe mutum goma a tarzomar Damagaram da Yamai, 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Maradi ta ga nata a Nuwamba 2000, ta sake gani a Yuni 2019 da aka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta. Shugabannin ikilisiya sun yi shelar gafara, kuma sun yi daidai. An sake gini, an sa sabon kwano. Amma yaron da ya kwana a ɓoye yana jin ihu, wa ya zauna da shi? Wanda ya wuce wata guda yana mafarkin abin, yana firgita da warin hayaƙi, ko ya yi mako biyu ba barci ba cin abinci, ba ƙarancin bangaskiya ke damunsa ba. A yi masa addu'a, a kuma raka shi likita. Ya kamata a riƙa faɗa wa yara labarin a cike, har da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu a 2015, domin rabin labari shi ke haifar da ƙiyayya. Inda nake sukar hanyar Faransa kuwa, shi ne tonon ba shi da ranar ƙarewa, kuma gafara ba ta cikin lissafi. Mutum zai san asalin ciwonsa dalla-dalla, ya yanke hulɗa da iyayensa, ya zauna shi kaɗai a ɗaki.

Sauran nau'in waiwayen shi ne begen zamanin mishan, kuma mu na waje mun fi kowa kamuwa da shi. Ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri, aka buɗe likitar Galmi a 1950, sai ta kutare a Danja. Tsofaffi suna cewa a lokacin Kirista ba ya ƙarya, kowa ya iya karatu. Akwai gaskiya a ciki, amma Isra'ilawa ma sun tuna kifi da albasa da tafarnuwar Masar, suka manta da tubali. A wancan zamani yanke shawara da kuɗi suna hannun baƙi ne. Manoman Maradi sun san abin yi da tsohon kututture tun da aka fara sassabin zamani a 1983: ba a tumɓuke shi, ba a kuma bar duk tohon da ya fito, ana zaɓar biyu zuwa biyar masu ƙarfi a sare sauran. Tohon da ya cancanci a bari daga wancan zamani, a ganina, shi ne ajin koyon karatu da Hausa da kuma kula da marasa lafiyar da kowa ke gudu. Jiran mota da albashi daga Turai kuwa, a sare shi.

Dattawan da suka ga wancan zamani da idonsu suna ƙarewa. Kowace majami'a tana da matashi mai waya. A zauna da kowane tsoho awa ɗaya, a tambaye shi, "Baba, wa ya yi maka baftisma, a ina, me ya faru a gidanku bayan nan?" A naɗi muryarsa da izininsa, a rubuta suna da shekara, a ajiye a wuri biyu, domin waya tana ɓata, katin ajiya yana lalacewa. Mu da muke aiko da kuɗin siminti, za mu iya biyan kuɗin wannan aikin ma.