Bisharar kwana goma: wa ake yi wa hidima?

Da zarar makarantu sun tafi dogon hutu a Amurka, sai Facebook ya cika da hotuna iri ɗaya: matasa ashirin ko talatin a filin jirgin sama, kowa da riga mai sunan cocinsu a ƙirji, sun nufi Honduras ko Haiti ko Uganda aikin bishara na kwana goma. An daɗe ana yi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ganin wasu manyan ikkilisiyoyinmu na birane sun fara kwaikwayon salon, ana tara baiko na musamman don a tura ƙungiyar matasa ƙetare, su yi mako biyu su dawo da hotuna. Ni mai bi ne, ina kuma ƙaunar aikin bishara, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

A fara da lissafi. Kowane matafiyi sai an saya masa tikitin jirgi, an biya biza, masauki da abinci, ga motar haya da tafinta. Mutum ashirin sun cinye dubban daloli kafin su gaisa da kowa. Me suka je yi? Galibi fentin bangon makaranta ko kwaɓa siminti, aikin da magini da leburan garin suka fi su iyawa nesa ba kusa ba, kuma da shi suke ciyar da iyalansu. Baƙi sun zo sun yi kyauta, ɗan gari ya rasa kuɗin yini. Wa'azin kuwa ta bakin tafinta yake bi, domin babu wanda ya iya ko gaisuwa da harshen mutanen.

Abin ya fi muni a gidajen marayu. Ana jera yara su yi waƙar maraba, baƙi su ɗauke su a cinya, a yi hoto, ranar Juma'a a rungume su ana kuka a tafi. Mako mai zuwa wata ƙungiyar ta iso. Yaron da ake shaƙuwa da shi a rabu da shi sau goma a shekara, wace irin zuciya ake gina masa? Kuma inda baƙi ke zuwa da kuɗi, gidajen marayu ƙaruwa suke yi, ana karɓo yara daga hannun iyaye matalauta da alkawarin makaranta. A watan Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa 10 'yan cocin Baptist, yawancinsu daga jihar Idaho, a kan iyaka suna ƙoƙarin tsallakawa da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba tare da takardu ba. Da aka bincika, yawancin yaran iyayensu na raye. Mutanen nan sun ɗauka ceto suke yi. Ba su san ƙasar ba, ba su san dokarta ba, ba su tsaya sun tambaya ba.

Sai batun rai. A watan Yulin 2007, 'yan Koriya ta Kudu 23 daga cocin Saemmul suka hau bas daga Kabul zuwa Kandahar, a ƙasar da ake tsakiyar yaƙi. 'Yan Taliban suka tare su a lardin Ghazni. An kashe biyu, ciki har da faston da ya jagorance su, sauran kuma sai ƙarshen Agusta aka gama sako su. Cikin sharuɗɗan sakin har da dakatar da aikin mishan na 'yan Koriya a Afghanistan. Wato tafiyar 'yan kwanaki ta rufe ƙofa ga waɗanda suka shekara suna aiki a can cikin natsuwa. Wannan bai isa darasi ba?

Masu kare salon suna cewa tafiyar tana sauya zuciyar matasan da suka je. To talakan wata ƙasa ba allon koyon tausayi ba ne. Wasu kuma su jawo umarnin Almasihu na a tafi ko'ina cikin duniya, kamar umarnin ya zo da tikitin dawowa bayan mako biyu. Su buɗe Luka sura 10. Da Yesu ya aiki almajiransa, biyu-biyu ya aike su, ba jaka ba guzuri, ya kuma ce su zauna a gida ɗaya su ci abin da aka ba su, kada su yi ta yawo gida-gida. Manzo Bulus shekara ɗaya da wata shida ya yi a Korinti, yana ɗinkin tanti da hannunsa.

Mu a nan mun fi kowa sanin bambancin. Ana iya sukar 'yan mishan na farko kan kusancinsu da Turawan mulki, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba wanda zai ce yawo suka zo. Dakta Walter Miller sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya shigo, ya zauna Zariya shekara da shekaru, aikinsa kuma na cikin abin da ya ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Asibitin Galmi a Nijar tun 1950 yake karɓar marasa lafiya, Musulmi da Kirista. Da zama aka gina waɗannan, da koyon harshe, da binne 'yan'uwa a ƙasar da ba tasu ba.

Yau akwai mai wa'azin ƙauye da ke tafiya a ƙasa daga wannan unguwa zuwa waccan domin ba shi da babur, matarsa na noma don su ci, 'ya'yansa an koro su kan kuɗin makaranta. Ya iya harshen, ya san mai unguwa, ya san gidan da aka yi rasuwa. Kuɗin tikitin mutum ɗaya zai riƙe shi watanni. Dattawan ikkilisiya su fara duba shi kafin su sa hannu a kan kuɗin jirgi. Likita ko malamin da 'yan can suka nema da bakinsu, a tura shi. Matashin da ya ce an kira shi ƙetare kuwa, a tambaye shi harshen da ya fara koya da shekarun da ya shirya zama.