Kada a ɗora wa iyaye mata dukkan laifin

Na karanta labarinku da ya ce iyaye mata da yawa ba sa kammala wa 'ya'yansu allurar rigakafi, kuma a ganina ba a yi wa matanmu na nan Gadarif ta ƙasar Sudan adalci ba in aka kira abin sakaci. Allurar mako na 6, na 10 da na 14 takan kawo zazzaɓi da kumburin cinya. Na ga ƙanwata ta kwana tana jijjiga ɗanta yana tsala kuka, surukarta na gefe tana cewa allurar ce ta jawo masa ciwo, alhali babu wanda ya gaya mata a asibiti cewa zazzaɓin na kwana ɗaya ko biyu ne. Ta ƙyanda kuwa sai a wata 9, wani lokaci a tsakiyar yankan riɗi. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, wasu da suka gudo daga Khartum ko katin rigakafin yaran ba su ɗauko ba. Ina roƙon ma'aikatan lafiya su riƙa bin unguwanni suna bayani da Hausa, su kuma zauna da maigida da kakar yaro, domin su ke ba da izinin fita.