A yanka notin, a bar gilashin ya zauna lafiya

Zaman Turai ya haɗa ni da masu kiwon murjani, halittar teku mai ƙashi kamar dutse, da kifin teku a tankin gilashi cikin falo, kuma akwai abin da muka daɗe muna ja-in-ja a kansa. Ni na taso da aƙidar cewa abin da hannu ya ɗaura, hannu ke kwance shi, a wanke a mayar. Su kuwa da zarar bututun da ke sauke ruwa zuwa tankin tacewa na ƙasa ya fara yoyo, notinsa kuma ya cije, sai su ɗauko zarto. Ganin farko ka ce ɓarna ce ta wanda bai san zafin nema ba. Amma a wannan gaɓa su ke da gaskiya.

Inda bututun ya ratsa gilashi akwai mahaɗi na roba mai tauri: kai mai faɗi, washa, sai noti ta ɗaya gefen. Ruwan nan gishirinsa irin na teku ne, kusan giram 35 a lita. Duk ɗigon da ya tsattsafo ya bushe, gishiri yake bari cikin zaren notin, ga kalsiyam da ake ƙara wa ruwan domin murjani ya gina ƙashinsa, shi ma can yake daskarewa, fari fat. Shekara da shekaru, noti da zare sun zama uwa ɗaya uba ɗaya. Ka sa sifana ka danna, ƙarfin duk a bakin hudar gilashin zai sauka. Tankin lita 400 ruwansa kaɗai ya haura kilo 400, kuma gindin wasu tankunan gilashi ne da aka gasa don ya yi ƙwari, wanda ba ya tsagewa a hankali, tarwatsewa yake gaba ɗaya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ban ce kada a lallaɓa shi ba. A kashe famfon da ke mayar da ruwa sama, a rage ruwan ya sauka ƙasa da bakin akwatin ambaliya, wato akwatin da ruwan saman tankin ke malala ciki kafin ya bi bututun, a zuƙe na cikin akwatin tas. A naɗa wa notin tsumma jiƙe da ruwan khal, tsaminsa na cinye kalsiyam. A kuma duba, don wasu manyan mahaɗan zarensu na hagu ne, kana ganin kwancewa kake, ashe ƙara tamkewa kake yi. Wani ya riƙe kan mahaɗin ta ciki, kai ka murza da hannu. In ya ƙi, to an gama zumunci: a datse bututun, a ɗauki ruwan zarto a tsaga notin wuri biyu, a tsaya kafin a taɓa gilashi, a ɓare shi da bakin sukudireba.

Man WD-40 da ake fesawa don sassauta noti kuwa kada ya kusanci wurin, guba ne ga murjani. Haka wuta ko iska mai zafi, gilashi ba ya son zafi a gefe guda. Masu damɓara silikon kan yoyon ma wahalar banza suke, silikon gilashi yake kamawa da kyau, ba robar bututu ba.

Inda na raba gari da mutanen nan shi ne son gam. Gam ɗin PVC, wato robar da ake yin bututun da ita, narkar da fuskar bututun yake ya haɗe biyun su zama ɗaya, babu zancen kwancewa har abada. Sai ka ga mutum ya liƙe komai daga sama har ƙasa, bai sa mahaɗi mai murɗawa ko ɗaya ba, ranar yoyo kuma ya yanke aikin duka. Nan kam tunanin da na zo da shi ya fi nasu: ka haɗa abu kana tuna ranar da za ka kwance shi.

Kafin a sayo sabo a auna hudar. Bututun nahiyar Turai da milimita ake ƙirga shi, 25, 32, 40, na Amurka da inci, kuma ba sa shiga juna sai da adafta. Mahaɗin inci 1 na yau da kullum hudar kusan milimita 45 yake so. Washa tana zama gefen kai mai faɗi, ba gefen noti ba, a kan gilashin da aka kankare tsaf. A ɗaure da hannu, a ƙara kamar rubu'in juyi, a mayar da ruwa, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa ta kwana.